Ɗangiwa da Fararen Zabin Malama

Ɗangiwa taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, saboda haka ina da izinin faɗin abin da na ga dama a kansa, kuma zan faɗa. Tunda nake ban taɓa ganin mutumin da zama yake yi wa wuya irinsa ba. In ya zo gaishe ka, ƙafa ɗaya tana zaure, ɗayar tana kan babur. In an ba shi fura a tsaye yake sha, yana sha yana kallon rufin ɗakinka yana gaya maka cewa wanda ya ja maka wayar wuta bai san aikinsa ba. Kafin ka ba shi amsa ya ajiye kwanon ya fita. Sunan giwa aka ba shi, amma duk abin da ya ci a hanya yake ƙarewa, har yau bai yi jikin da za a nuna ba.

A Kebbe aka haife shi, gidan manoma. Babansa Na'iya ya so ya riƙe gona kamar yayyensa, amma in aka tsayar da shi a kunya sai a waiwaya a gan shi a gonar maƙwabci yana gyara wa mutum ƙotar fartanya. An kai shi sakandare a Tambuwal, sai labari ya zo cewa ba ya shiga aji, yana rumfar wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin tasha. Da rediyo ta ja baya ya koma facin taya. Daga faci sai cajin waya da ɗan janareta, daga nan gyaran janaretan kansa, daga nan injin ban ruwa a fadama. Ya yi Jega, ya yi Yawuri, ya yi wata damina guda a Kamba wadda har yau bai gaya wa kowa abin da ya kai shi ba. Abin haushin shi ne ba kasawa yake yi ba. Iyawa yake yi, da ya iya kuma sai abin ya fita ransa.

Da aka yi masa aure mun ɗauka zai natsu. Ina! Matarsa Rauda ta gaya mini ta daina tambayarsa inda za shi. Jakar kayan aikinsa kawai take leƙawa da safe, abin da ta gani a ciki shi zai gaya mata sana'ar da ake yi a wannan watan. Mace ce mai haƙuri amma mai baki, in ta fara ba da labarinsa sai ka riƙe ciki.

Sana'ar da ta kama shi, a bayan garin Sakkwato ya tsinto ta. Ya je kafa wa wani mai gidan kaji sola, sai ya ga injin ƙyanƙyasar ƙwai da wani ɗan akwati a jikinsa yana kunna zafi yana kashewa ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Mai gidan ya ce sai da ya tuna masa aikin da ya kawo shi. Da zai tafi ya roƙi wani lalataccen akwati da aka jefar, ya dawo da shi Kebbe a aljihu, ya kwance shi a kan tabarmar Rauda ya mai da shi, har ya tashi.

Akwatin bai fi sabulun wanki girma ba. Yana da fuska mai jajayen lambobi da 'yan maɓallai a ƙasa. Daga bayansa wata siririyar waya ta fito mai ɗan kan ƙarfe, ita ce mai jin zafi, Ɗangiwa kuma bindi yake kiranta, wato wutsiya. Kai za ka gaya wa akwatin iyakar zafin da kake so. In bindin ya ji sanyi sai akwatin ya yi ƙas ya saki wuta, in ya ji zafi ya kai sai ya yi ƙas ya yanke. Har lokaci ana tsara masa, a ce da rana ya sassauta, da asuba ya ƙara, kowane mako kuma ya rage kaɗan. Amma akwatin ba shi da ido. Abin da bindi ya gaya masa shi ne kawai abin da ya sani.

Dabarar daɓe kuwa tasa ce. Kowa a wurinmu da fitila ko kaskon garwashi yake ɗumama 'yan tsaki, shi kuma ya dage cewa ta ƙafa sanyi yake shiga ɗan tsako, don haka ƙasa ya kamata a ɗumama. Sai ya shimfiɗa wayar zafi a ƙasan ɗaki yana lanƙwasa ta daga bango zuwa bango, ya rufe ta da daɓe marar kauri, ya baza buntun shinkafa a kai, ya ɗora sola a rufi, batir a lungu. Na farko da ya gwada a tsohon madafin uwarsa ya tsage. Na biyu ya yi. Daga nan masu kiwon kaji a Kebbe da Tambuwal suka fara nemansa. Da farko a cikin daɓen yake binne bindin, sai danshi ya lalata wani, ya zama dole ya fasa wa mutum daɓe kafin ya sake shi. Tun ranar ya koma ajiye shi a sama, ƙarƙashin buntu, don in ya lalace a cire a sa wani ba ɓata lokaci. Komai na Ɗangiwa sai mai sauri.

Damina ta zo ta wuce, wata ta kama, yana nan a kan wannan aikin. Goggona, uwarsa, har sadaka ta yi.

A wannan damina ta biyu ne na haɗa shi da Malama Mu'minatu. Ita ta koya mini karatu lokacin da aka kai ni riƙo Fakku wurin kakata. Matar Malam Uwais ce, gidan malamai tun kakanni, gidan da mata ba sa fita, baƙon namiji kuma ba ya wuce zaure sai da dalili mai ƙarfi. Ban da karatu, abu ɗaya na san Malama da shi, wato fararen zabinta. Da su aka kawo ta daga Sanyinna, irin uwarta ne, ita ma daga tata uwar ta samu. Farare ne fat, ba ɗigo ko ɗaya. Ba ta sayarwa, ba ta bari su gauraya da na gari, in tana zuba musu hatsi kuwa har magana take yi musu.

Bara waccan ciwo ya shiga garin ya share kaji da zabi, ya bar mata zabo ɗaya da zabuwa ɗaya da 'yan kaji. Da ruwa ya sauka zabuwar ta yi ƙwai, Malama tana tsincewa tana sa wa kaji su kwanta. Ƙyanƙyasar farko kazar ta ja su cikin raɓa, sanyi ya kwashe su duka. Ana cikin wannan muzuru ya shigo ya ɗauke zabuwar. Abin da ya rage shi ne ƙwan da ke ƙarƙashin kaji biyu na ƙarshe. In waɗannan suka tafi, irin ya ƙare, babu inda za a samo wani.

Na je gaishe ta na tarar tana zaune kusa da akurki. Ta ba ni labarin a hankali, ba ta yi kuka ba, amma na ji tausayinta har cikin raina. Sai na buɗe baki na fara yabon Ɗangiwa, mutumin da ban taɓa yabo a gabansa ba. Na ce a raba 'yan zabin da kaji da zarar sun fito, a sa su a ɗakin da ƙasansa yake da ɗumi dare da rana, ba raɓa, ba hayaƙi. Ta ce za ta yi wa Malam magana.

Malam ya yarda. Ranar da za a yi aikin, mata suka shige ɗakuna, aka shigo da Ɗangiwa wani ɗan ɗaki kusa da rumbu, ya yi shimfiɗarsa ya yi daɓensa. Da daɓen ya bushe ya dawo ya haɗa akwatin ya tsara shi. Bayanin kuwa a zaure ya yi wa Malam, a tsaye, makullin babur a hannu. Ya zuba masa lambobi da lokuta kamar ana korarsa. Malam mutum ne mai kunya, bai ce a maimaita ba, kuma harkar kaji ba tasa ba ce. Da Ɗangiwa ya ga alamar abin ya yi yawa sai ya taƙaita.

"Allah shi gafarta Malam, na tsara mai komi. Abu guda nika roƙo, kar kowa shi taɓa maɓallan ga."

Wannan Malam ya ɗauka ya kai cikin gida, kuma ya isar da shi daidai. Malama ba ta taɓa maɓalli ko sau ɗaya ba.

'Yan zabin suka fito, talatin da 'yan kai, aka kwashe su zuwa ɗakin. Ba a jima ba wayar Ɗangiwa ta fara kuka. Malam ya ce da rana suna gudu daga tsakiyar ɗaki suna manne wa bango, baki buɗe, fukafukai a saki. Da asuba kuma sai a tarar fuskar akwatin ta mutu, ɗakin ya yi sanyi, sun hau kan juna a lungu, na ƙasa sun mutu.

Ya hau babur. Wanda ya san hanyar Fakku da damina ya san abin da ake nufi, rabi a kan babur, rabi kana tura shi cikin taɓo. Ya isa, ya yi sallama, aka yi gaisuwa irin ta gidan malamai wadda ba a gaggauta ta. Malam ya leƙa ciki ya ce za a shigo, sannan aka jira mata su kimtsa. Ɗangiwa yana ta zagaye zaure kamar zai huda ƙasa. Da ya shiga ya tarar daɓen ya yi zafi fiye da kima, lambobi sun hau sama, amma akwatin ya yanke wuta kamar yadda ya kamata, bindi kuma yana nan ƙarƙashin buntu inda ya bar shi. Ya tsaya ya ga zafin yana sauka, akwatin ya yi ƙas a daidai inda aka ce masa. Babu abin gyarawa. Ya ce wataƙila ɗan makunnin da ke ciki ne yake maƙalewa wani lokaci, ya buga shi da yatsa, ya rage lambar, ya tafi.

Washegari aka sake kira.

Daga nan Ɗangiwa bai ƙara sanin inda kansa yake ba. Ya tafi Tambuwal ya sayo sabon akwati, ya dawo ya tsara shi tun daga farko. Ya matse tazarar da ke tsakanin kunnawa da yankewa. Ya sa bindin a hammatarsa tare da ma'aunin zafi irin na asibiti don ya ga ko ƙarya yake yi, ya ga bakinsu ɗaya. Ya tsoma shi a ruwan ɗumi, nan ma daidai. Ya ce to batir ne ba ya riƙe wuta, ya ciro na gidansa ya ɗaure a bayan babur, ya bar Rauda da fitilar hannu. Ya zargi agogon akwatin, ya zargi tsawa, ya hau rufi ya wanke solar, har ya tambayi Malam cikin ladabi ko akwai mai cajin waya a jikin batirin. Malam ya ce babu, kuma babu ɗin. Duk zuwan da zai yi haka yake tararwa, daɓe da zafi, akwati yana aikinsa lafiya lau a gabansa. Da ya juya baya sai a koma gidan jiya. 'Yan zabi suka koma rabi, daga rabi suka koma abin da bai kai goma ba.

Wata la'asar ya shigo gidana da taɓo har gwiwa. Bai tsokane ni ba, bai ce tuwona ya yi gudaji ba, da haka na san abin ya kai masa. Ya ce zai je ya kwance kayansa, su koma kaskon garwashi, shi ya gaji, kuma ya ji ana neman masu haɗa famfon sola wajen Zuru. Raina ya ɓaci. Na ce masa duk sana'ar da ya bari a baya kaya ya bari, rediyo da taya ba sa numfashi, wannan kuwa rai ne, kuma amanar baiwar Allah ce wadda ni na kai shi wurinta. Na faɗa masa maganganu da yawa, wasu ma ban so na faɗa ba. Yana tsaye yana murza makulli, sai ya ce shi abin da yake cinsa, bai taɓa gamuwa da na'urar da take lafiya a gabansa ta yi hauka a bayansa ba.

Na nemi izinin maigidana, da safe na bi shi. Ba don na san komai a kan waya ba, na dai ga ya kamata in je in dubi Malama da idona.

Shi ya tsaya a zaure, ni na wuce ciki kai tsaye, don ba wanda yake kimtsawa saboda ni. Malama ta rame. Ta kama hannuna ta kai ni ɗakin. Ina cire takalmi na taka buntun na ji zafi ya ratso tafin ƙafata. 'Yan zabin suna jikin bango suna haki. An share gefen ɗakin tas, kwanon ruwansu a wanke, komai a tsare irin na Malama. A jikin bango kusa da 'yar taga na ga wata waya an naɗe ta da kyau an rataye a ƙusa, ɗan kan ƙarfenta yana lilo cikin iskar da ke shigowa, don an yi ruwa da asuba. Na gan ta, ban kawo komai a raina ba.

Muna tsaye sai muryar Malam daga bakin zaure, za a shigo. Malama ta miƙa hannu ta sauke wayar, ta warware ta, ta durƙusa ta tura kan ƙarfen ƙarƙashin buntu a tsakiyar ɗaki, ta shafe wurin da tafin hannu. Na tambaye ta me ya sa.

"Da rubutu ga jikinta, Fiddausi. Dibi. Ƙaƙa za ni barin rubutu ƙasa, zabi na kashi bisa? Ga gara kuma, ga shi kayan mutane na. In za shi shigowa sai in mai da mai inda yab bar shi, kar shi ga an taɓa mai kaya."

Na duba. Gaskiya ne, akwai wasu 'yan ƙananan haruffa farare a jere a jikin wayar, irin waɗanda masu ƙera ta suke bugawa. Na ce ai boko ne, Malama. Ta ce rubutu rubutu ne, ta ja mayafinta ta wuce ɗaki. Ban yi mamaki ba. A gidan nan ko takardar ƙunshin magani aka gani a ƙasa sai an ɗaga ta an soka a jikin darni, haka aka tarbiyyantar da mu.

Ɗangiwa ya shigo ya durƙusa gaban akwatin yana danne-danne, fuska a murtuke. Na ga ya kamata in ɗan saki ransa, sai na tsokane shi.

"Kai dai ka samu daraja gidan ga. Ko bindin injinka ba a bari shi kwan ƙasa, har ƙusa anka kafa mai."

Hannunsa ya tsaya. "Mi kic ce?"

Na maimaita ina dariya, na nuna masa ƙusar. Ya dubi ƙusar, ya dubi tagar, ya ɗora tafinsa a kan daɓen. Na daina dariya, don na ga fuskarsa ta sauya. A hankali ya gaya mini abin da ya gano. A can jikin taga iska mai sanyi bindin yake ji, sai ya yi ta gaya wa akwatin cewa ɗaki da sanyi, akwatin kuma ba zai yanke wuta ba. Daɓe zai yi ta gasuwa yini guda, batir ya ƙare kafin gari ya waye, sannan sanyin asuba ya same su ba ɗumi ko kaɗan. In ya zo kuma, kafin a gama gaisuwa an mai da bindin ƙasa, akwatin ya ji zafi ya yanke, shi ya sa kullum yake tarar da shi da hankalinsa.

Na miƙe zan kira Malama, sai ya kama bakin mayafina.

"Kar ki gaya mata."

Na ce ai dole ta sani, don kar ta ƙara.

"Ba ta ƙarawa, ni ka gyara wannan. Mi za ta yi da sanin? Ni ban gaya ma kowa aikin bindin ga ba. Maɓalli nac ce, kuma ba ta taɓa ba."

Ya sa na kwashe 'yan zabin a kwando na riƙe a cinya. Ya ciro kurfi ya sassaƙa ɗan layi a daɓen tsakanin wayoyin zafi, yana yi yana riƙe numfashi don kar ya yanke ɗaya. Ya yanko guntun tiyo ya zura bindin a ciki, yadda in ya lalace za a zare shi ta bakin bango ba sai an fasa ba, ya kwantar da shi a layin, ya kwaɓa ƙasa ya shafe. Sauran wayar ya bi da ita jikin bango ya danne da ƙusoshi, rubutun yana sama da ƙasa nesa. Sannan ya fita zaure, ina jin sa ta bayan katanga yana gaya wa Malam cewa kuskuren nasa ne, bai ajiye wani abu inda ya dace ba, yanzu ya gyara, a yafe masa. Malam ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Maganar ba ta tsaya a zaure ba. Ba Malam ya yaɗa ta ba, amma zauren malami ba ya rabuwa da mutane. Kafin mako ya zagayo ana cewa a Fakku injin Ɗangiwa ya gasa zabin Malam, shi da bakinsa ya amsa. Ta iso kasuwar Kebbe da ƙari. Waɗanda suka yi magana da shi zai yi musu daɓe suka fara cewa sai an ga bayan damina. 'Yan majalisar bakin tasha in ya wuce sai su tambaye shi ko akwai gasasshe yau. Ni kam na cika na batse. Sau da yawa maganar ta zo mini har baki, in tuna wadda za ta faɗa a kanta in haɗiye. Shi kuwa sai ya ɗaga musu hannu ya ƙara wuta.

Bai tafi Zuru ba. Ya ci gaba da zirga-zirgar Fakku ko ba a kira shi ba, ya duba lambobi, ya taɓa daɓe, ya juya. Wata sabuwar doka kuma ya kafa wa kansa, wadda yake kai har yau. Ba ya haɗa wa kowa akwati sai Rauda ta shiga cikin gidan ta zauna da matan, ta nuna musu da hannunta abin da kowace waya take yi, ta kuma tambaye su yadda suke shara da inda suke ajiye kaya. Rauda ta ce tunda aka yi aurensu wannan ne karon farko da ta san inda mijinta za shi, tunda a bayansa take zaune. Har yanzu a tsaye yake cin abinci, wannan sai dai addu'a.

Bayan an fara yankan gero na koma Fakku. Shida suka rayu. Sun yi gashi, farare fat, sun bar ɗakin suna yawo a tsakar gida da wuyansu dogo-dogo. Zabi ba a gane macensu da ido tun suna ƙanana, sai sun fara kuka, don akwai wani kira mai gaɓa biyu da mace kaɗai take yi. Muna zaune a tabarma sai ɗaya ta miƙa wuya daga gindin rumbu ta yi shi, da 'yar muryarta da ba ta gama buɗewa ba. Malama ta ce tun shekaranjiya ta fara, akwai ma wata da take gwadawa. Na yi murna ƙwarai, na yi ta yi mata barka, na ce iri ya tsaya. Ta yi ɗan murmushi, ta jawo ƙwaryar tsaki kusa da ita, amma ba ta zuba ba.

"Fiddausi, tun rad da anka bizne bindin ga ƙasa, ko guda bai ƙara mutuwa ba."

Na ce haka ne, Ɗangiwa ya gyara.

"Ke kina ɗakin rannan. Ni na, ko?"

Na dubi tabarma. Wannan matar ce ta kama yatsana ta bi da shi kan allo, ban san yadda ake yi mata ƙarya ba. Na ce, "Ba ki sani ba, Malama. Ba wanda yag gaya miki."

Zabin sun ga ƙwarya sun fara matsowa.

"Kullum da safe," ta ce. "Da hannuna. Da bisimilla nika ɗauke shi."

Sannan ta ɗebo tsakin ta miƙa hannu, suka rugo suna ci a tafinta.